Ƙugu Ke Bugu, Hannu Ke Saiti: Darasin Kulkin Besbol ga Masu Riƙe Ƙotar Gatari

 Yau da tambaya zan fara, ku ajiye biro ku yi tunani.

Mutum biyu na faskare a ƙofar gida. Ɗaya saurayi ne ƙaƙƙarfa mai ƙwanji, ɗayan kuma dattijo ne siriri wanda furfura ta gama rufe masa kai. Saurayin sai nishi yake yi, gumi na zuba, gatari na kafewa a cikin icen. Dattijon kuwa ko gaggawa ba ya yi: sara ɗaya, sara biyu, gungume ya dare. Duk wanda ya tashi a Kafur, ko Mahuta, ko Gozaki, ko Masari ya taɓa ganin irin haka. To, daga ina dattijon yake samo ƙarfin da saurayin ya rasa?

Wannan tambaya ce dai masana kimiyya da masu horar da 'yan wasa suka shafe shekaru suna bincike a kanta a Amurka da Japan. Sai dai su kulkin wasan besbol suka sa a gaba, ba gatari ba. Sun ɗauki hotuna da kyamarori masu sauri, sun auna, sun yi lissafi, sun rubuta littattafai. Abin da suka gano zai amfani mai son wasa, ya amfani mai shirin jarrabawar Fiziks, ya kuma amfani wanda ke dawowa daga gona kullum da ciwon wuyan hannu.

Mene ne besbol da sofbol?

Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da 'yan wasa 9. Ɗan wasa ɗaya, wato mai jifa, yana wurgo ƙwallo. Abokin hamayyarsa, wato mai bugu, yana tsaye da kulki yana jiran ya maka ta. Idan ya same ta, sai ya jefar da kulkin ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i, tsakanin kowace tasha da ta gaba mita 27.4. Wanda ya zagayo ya dawo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan kuwa ya maka ƙwallon ta ƙetare katangar filin gaba ɗaya, sai ya zagaye a natse, babu mai tare shi. Wannan shi ne bugun ƙetare katanga, abin alfaharin kowane mai bugu.

Ƙwallon besbol ba ta kai lemun zaƙi babba girma ba, amma tana da tauri, nauyinta tsakanin giram 142 da 149. Kulkin da ƙwararru ke riƙewa na katako ne, tsawonsa wajen santimita 85, nauyinsa wajen giram 900.

Sofbol ƙanwar besbol ce. An ƙirƙiro ta a birnin Cikago na Amurka a 1887, lokacin da wasu samari suka ɗaure safar dambe ta zama ƙwallo, suka buge ta da sandar shara. Wani mai suna George Hancock ne ya tsara mata dokoki. Ƙwallonta ta fi ta besbol girma, filinta ya fi ƙanƙanta, kuma daga ƙasa ake jefo ta, hannu na wulwulawa kamar farfela. A gasar Olamfik mata ne ke buga sofbol, maza su buga besbol.

Lissafin ƙiftawar ido

Bari mu ɗan taɓa lissafi, kada kowa ya gudu. Tsakanin mai jifa da mai bugu a besbol mita 18.44 ne. Ƙwararren mai jifa yana wurgo ƙwallo da gudun kilomita 145 a awa ɗaya, wasu ma sun fi haka. Idan kuka mayar da shi zuwa daƙiƙa, kusan mita 40 ke nan a kowace daƙiƙa. Ga kuma mai jifan yana miƙa ƙafa gaba kafin ya saki ƙwallon, tazarar ta ƙara raguwa. Ku raba nisa da gudu yadda malamin Fiziks ya koya muku, za ku sami kimanin daƙiƙa 0.4. Ko rabin daƙiƙa bai cika ba.

A cikin wannan ɗan lokaci, lilo da kulkin kansa yana cin wajen daƙiƙa 0.15. Abin da ya rage shi ne na ido ya ga ƙwallon, ƙwaƙwalwa ta gane inda ta dosa, ta yanke shawarar a buga ko a bari. A sofbol na mata nisan mita 13.11 ne kacal, saboda haka duk da ƙwallon ba ta kai ta besbol gudu ba, lokacin da mai bugu ke da shi kusan ɗaya ne.

Shi ya sa a wannan wasa wanda ke samun bugu mai kyau sau 3 cikin 10 gwarzo ne. Ted Williams na ƙungiyar Boston Red Sox ya yi nasara sau 185 cikin 456 a shekarar 1941, wato ɗan sama da 4 cikin 10, kuma har yau ana ba da labarin wannan bajinta. Idan lokaci ya yi ƙaranci haka, duk wani motsi na banza da hannu ya yi asara ce.

Daga ƙasa ƙarfi ke tasowa

Ku miƙa hannunku ku dunƙule yatsu, sannan ku taɓa sangalin hannu, wato tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Za ku ji nan ne ya yi tauri. Manyan tsokokin da ke damƙe yatsu a nan suke zaune. Yanzu ku gwada kaurinsa da na cinyarku. Ko kusa ba su yi ba. Tsokokin cinya da ɗuwawu da baya su ne manyan injinan jiki, na hannu kuwa ƙanana ne.

Ga yadda ƙwararren mai bugu ke yi. Yana tsayawa a kaikaice, nauyinsa ya fi karkata kan ƙafar baya. Ƙwallo na tahowa sai ya ɗan taka da ƙafar gaba, ya kafa dunduniya a ƙasa. Da ƙafar ta kafu, sai ƙugu ya fara juyawa. A wannan lokaci kafaɗu da hannuwa suna nan a baya, ba su motsa ba tukuna, jiki ya murɗe kamar tsumman da ake matsewa. Sai ƙirji da kafaɗu su biyo ƙugu, sai damatsa su biyo kafaɗu, sai hannuwa, sai a ƙarshe kan kulki ya fyaɗo. Kowace gaɓa tana miƙa wa ta gaba da ita gudun da ta tara, ta gaban ta ƙara nata. Masana na kiran wannan sarƙar motsi.

Kun san bulala. Mai riƙe da ita ɗan motsi kaɗan yake yi, amma bakinta ne ke tsaga iska. Kun san majajjawar korar tsuntsaye a gonar dawa: hannu na zagaya ɗan ƙaramin da'ira, dutsen da ke ƙarshen igiya na zagaya babba a lokaci guda, dole ya fi gudu. Ɗan dambe ma da ya san sana'arsa daga ƙafa da ƙugu yake ɗauko naushi, hannun da aka naɗe isar da saƙo kawai yake yi. Ted Williams ya rubuta littafi a farkon shekarun 1970 mai suna The Science of Hitting, kuma babban abin da ya nanata a ciki shi ne ƙugu ya riga hannu tafiya.

Amsar tambayarmu ke nan. Saurayin da damatsa yake sara, ya ƙanƙame ƙota, ya bar manyan tsokokinsa suna hutawa. Dattijon yana lanƙwasa gwiwa, ya sa baya da ƙugu, ya bar hannunsa na sama ya zame a kan ƙota ya tarar da na ƙasa, kan gatari ya faɗo da cikakken gudu.

Gudun nan kuwa shi ne komai. A Fiziks kuzarin abu mai tafiya shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Idan ka ninka nauyi, kuzari ya ninku sau biyu. Idan ka ninka gudu, ya ninku sau huɗu. Tun 2024 babbar gasar besbol ta Amurka, MLB, take fitar da ma'aunin gudun kulkin kowane ɗan wasa. A wannan shekarar matsakaicin gudu ya kai wajen kilomita 115 a awa, Giancarlo Stanton na New York Yankees kuma ya fi kowa da wajen kilomita 130.

To, mene ne aikin hannu?

Kada wani ya ce ashe hannu ɗan rakiya ne. Mota komai ƙarfin injinta, idan babu sitiyari da birki, rami za ta faɗa. Ayyukan hannu guda biyar ne.

Na farko riƙo. Mai bugu da dama yana sa hannun hagu a ƙasa, daf da dunƙulen gindin kulki, na dama a samansa, suna manne da juna. Bahago kuma akasin haka. Kulkin yana kwanciya ne a gindin yatsu, ba a luma shi can cikin tafin hannu ba. Masu horarwa da yawa suna cewa a jera gaɓoɓin yatsun da ake ƙwanƙwasa ƙofa da su, na hannun sama da na ƙasa, su kusan zama layi ɗaya. Riƙon kuma sako-sako ne. Wanda ya ƙanƙame tun kafin a jefo ƙwallo ya daskarar da wuyan hannunsa, kuma daskararren wuyan hannu ba ya fyaɗi. Yatsu da kansu za su ƙara damƙa idan kulki ya ɗauki gudu.

Na biyu jira. Wannan ya fi wahala, domin hannu akwai zumuɗi. Da ido ya ga ƙwallo sai hannu ya so ya riga kowa zuwa. Ƙwararre yana tsare hannuwansa kusa da kafaɗar baya har sai ƙugu ya fara juyawa. Idan hannu ya riga ƙugu, sarƙa ta tsinke, bugun ya koma na damatsa zalla. Ga kuma wayon masu jifa: sukan wurgo ƙwallo mai kama da mai gudu alhali a hankali take tafe. Wanda hannunsa ya riga ya tafi sai ya bugi iska. Wanda ya tsare hannunsa yana da sauran dama.

Na uku saiti. Ƙwallo na iya zuwa sama ko ƙasa, kusa da jiki ko nesa. Ƙugu juyawa kawai ya sani, hannu ne ke karkatar da kulki ya hau hanyar ƙwallon. Kuma dole ya bi gajeriyar hanya, hannuwa na kusa da jiki, gwiwar hannun baya na gangarowa kusa da haƙarƙari. Ku gwada juyawa a tsaye hannuwa a buɗe, sannan ku juya hannuwa a naɗe a ƙirji. Na biyun ya fi sauri nesa ba kusa ba. Wanda ya watsa hannuwansa waje tun farko, kamar mai wurga ƙugiya a rafi, ya tsawaita hanyar kulki kuma ya rage wa jikinsa saurin juyi.

Na huɗu saki. Har zuwa kusan ƙarshe, kan kulki yana bayan hannuwa, gindinsa ne a gaba. A ɗan lokacin ƙarshe sai wuyan hannu ya warware, kan kulki ya zabura ya wuce. Lokacin da kulki ya haɗu da ƙwallo, tafin hannun sama yana kallon sama, na ƙasa yana kallon ƙasa. Sai bayan ƙwallo ta tafi wuyan hannu ke mirginawa. Mai mirginawa da wuri yana ɗaga kan kulki ya daki saman ƙwallo, ta gangara a ƙasa a cafke ta cikin sauƙi.

Na biyar birki. Wani lokaci mai bugu ya fara lilo sai ya gane ƙwallon ta kauce. Hannuwa ne ke tsayar da kulkin da ya riga ya ɗauki hanya.

Akwai kuma wani bugu da hannu ne sarkinsa, ana yawan yin sa a sofbol. Mai bugu yana zame hannun sama zuwa tsakiyar kulki, ya tare ƙwallon a hankali kamar mai cafka, ta faɗi kusa, shi kuma ya ruga. A nan taushin hannu ake nema, ƙarfi ɓata aiki yake yi.

Ranar da kulki ya suɓuce

Ga abin da zai ba ku mamaki. Ranar 27 ga Mayu, 2012, Todd Frazier na ƙungiyar Cincinnati Reds ya kai wa ƙwallo bugu, kulkin ya suɓuce daga hannunsa daidai lokacin haɗuwa. Duk da haka ƙwallon ta ƙetare katanga. Mutane suka yi ta al'ajabi, amma masana irin su Alan Nathan, malamin Fiziks a Jami'ar Illinois, ba su yi mamaki ba, domin lissafinsu ya daɗe da nuna haka.

Dalili shi ne, haɗuwar ƙwallo da kulki ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Kafin girgizar bugun ta bi jikin katako ta isa hannu ta dawo, ƙwallon ta riga ta tashi. Lokacin da mai bugu ya ji dukan a hannunsa, labari ne ya iso masa bayan an gama. Ke nan duk wani ƙoƙarin matse kulki ko tura ƙwallo a lokacin haɗuwa ba ya ƙara mata komai. Hannu ya gama aikinsa tun kafin nan: ya kawo kulki wurin da ya dace, a lokacin da ya dace, da gudun da ya dace.

Wurin da ya dace ɗin ma yana da muhalli. Kimanin santimita 15 daga kan kulki akwai inda idan ƙwallo ta sauka hannu ba ya jin zafi, kuma ta fi tafiya nesa. Idan ta sauka kusa da hannu ko can a baki, kulki ya yi ta karkarwa, yatsu su yi tsami, kuzarin da ya kamata ya tafi da ƙwallo ya ƙare a girgiza. Duk wanda ya taɓa kuskuren sara ƙota ta daki ice maimakon bakin gatari ya san wannan zafin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A 1945, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe 'yan wasa da yawa zuwa fagen daga, ƙungiyar St. Louis Browns ta ɗauki wani mai suna Pete Gray, wanda ya rasa hannun dama tun yana yaro. Da hannun hagu kaɗai ya buga wasa 77 a babbar gasa, ya sami bugu mai kyau sau 51 cikin 234. Wannan ya nuna ƙarfin zuciya, ya kuma tabbatar da cewa jiki ne ke juya kulki. Amma masu jifa sun gano lagonsa. Suka riƙa wurgo masa ƙwallo mai lanƙwasa da mai tafiyar hawainiya, domin idan ya fara lilo ba shi da hannu na biyu da zai tsayar ko ya gyara. Labarinsa kaɗai ya isa ya nuna mana me hannu na biyu ke yi.

Shi kuwa Hank Aaron, baƙar fata daga garin Mobile a jihar Alabama, iyayensa ba masu hali ba ne. Da sanda da marafan kwalba ya koyi bugu. Ya taso yana riƙe kulki a juye, hannun hagu a sama alhali da dama yake bugu, sai da ya shiga wasan ƙwararru aka gyara masa. Ba ƙato ba ne, amma saurin wuyan hannunsa ya ba shi damar jira har ƙwallo ta matso sosai kafin ya fyaɗa. Ya gama wasa da bugun ƙetare katanga 755. A Japan kuma Sadaharu Oh ya yi 868. Mai horar da shi, Hiroshi Arakawa, ya sa shi atisaye da takobi, domin takobi ba ya yanka da kyau idan an ƙanƙame shi ko an karkace bakinsa.

Masu horarwa har yau suna gardama. Wasu na ce wa yara su jefa hannuwansu wajen ƙwallo, wasu na cewa su manta da hannu su juya jiki. A ganina kowanne magani ne na cuta daban. Yaron da ke watsa hannu waje, a tuna masa gajeriyar hanya. Wanda ke bugu da damatsa ƙafafu a daskare, a tuna masa ƙugu. Malami nagari sai ya ga cutar kafin ya ba da magani.

Ciwon da ke ɓoye a tafin hannu

Hannu ɗaya na da ƙasusuwa 27, takwas daga ciki ƙanana ne a wuyan hannu. Ɗaya daga cikinsu, a gindin tafi ta ɓangaren ƙaramin yatsa, yana da ɗan tsini mai kama da ƙugiya. Masu bugun besbol sun san shi sarai, domin dunƙulen gindin kulki a kansa yake dannawa, kuma yakan tsage a hannun ƙasa har sai an yi tiyata. Masu wasan tanis ma yana samun su.

Darasin ya shafe mu. A wannan yanki namu na Funtua da Malumfashi, daga sharar gona zuwa noma da fartanya, zuwa bugun dawa da waken soya da kaka, zuwa dakan da 'yan mata ke yi kullum, hannun ɗalibi ba ya hutawa. Kanta da bororo kowa ya saba da su. Amma ciwon da ya zauna a wuyan hannu ko gindin tafi ya ƙi tafiya, ko yatsu su riƙa mutuwa, ko riƙo ya yi rauni, wannan na asibiti ne, kada a tsaya ana ta murzawa. Da wannan hannu za ku riƙe biro a ɗakin jarrabawa. Ku sassauta riƙo, ku sa gwiwa da ƙugu su ɗauki nauyin aikin, kada kuma ku bari ƙarshen ƙota ya riƙa nutsewa a tsakiyar tafi.

Ina Najeriya a wannan wasa?

Besbol ba wasan da muka saba gani ba ne a filayen makarantunmu, amma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Najeriya ta ci lambar azurfa a besbol a Gasar Wasannin Afirka ta 1999 a Johannesburg, ta sake ci a ta 2003 a Abuja, duka biyun Afirka ta Kudu ce ta ɗauki zinare. Akwai filin besbol a unguwar Adewole da ke Ilorin. A 2012 yaran Yuganda suka zama na farko daga Afirka da suka buga babbar gasar yara ta duniya da ake yi a Amurka. A Afrilun 2017 Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a MLB, tare da Pittsburgh Pirates. Besbol da sofbol kuma suna cikin wasannin Olamfik na Los Anjalis na 2028.

Mu Katsinawa ma ba baƙi ba ne wajen bugun ƙwallo da sanda. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko ake ƙwallon dawaki a Katsina, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan har ƙasashen waje.

Ga wanda zai ce kayan wasan sun yi tsada, akwai mafita. A Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ta fitar da taurarin besbol masu yawa, yara da sandar shara da murfin jarkar ruwa suke wasa a titi. Hukumar besbol da sofbol ta duniya, WBSC, ta fito da besbol na mutum biyar a 2017, wanda ta samo daga wasan titi na Kyuba. Babu kulki, babu mai jifa, ƙwallon roba kawai. Kai za ka ɗaga ƙwallonka ka maka ta da hannu ka ruga, tsakanin tashoshi mita 13. An yi gasar duniya ta farko a Meziko a 2022, Kyuba ta lashe, kuma wasan na cikin jerin wasannin Olamfik na matasa na Dakar 2026. A nan ma wanda ya sa ƙugu ya fi wanda ya dogara da damtse nisan bugu.

Ku gwada da kanku

Abin da kuke buƙata shi ne tsohuwar ƙotar fartanya mai santsi wadda aka cire wa ƙarfe, da ƙwallon tanis ko ta tsumma. Ku nemi izinin malamin wasanni, ku sami fili nesa da tagogin aji. Kowa ya ja baya aƙalla taku goma daga mai riƙe da sanda, kada wanda ya tsaya a bayansa, kuma kada a yi amfani da dutse ko ƙwallo mai tauri.

Gwaji na farko: ka durƙusa a kan gwiwoyi biyu, aboki ya lillaƙo maka ƙwallo daga gefe, ka buga sau biyar, a auna nisan da taku. Sannan ka miƙe ka buga biyar kana takawa da juya ƙugu. Ku rubuta, ku fitar da matsakaici, ku ga abin da ƙafafu suka ƙara.

Na biyu: biyar da riƙon ƙanƙamewa tun daga farko, biyar da riƙo sako-sako. Wanne ya fi nisa, wanne ya fi gajiyar da hannu?

Na uku: ka riƙe sandar da yatsu biyu kusa da gindi tana reto, aboki ya riƙa ƙwanƙwasa ta da ƙaramin ice daga baki zuwa sama. Inda ka ji girgiza ta ragu sosai, ka sa alama da alli. Nan ne wurin bugu.

Na huɗu: ka matsar da hannuwanka sama da gindi kamar faɗin yatsu uku, ka yi lilo. Za ka ji sandar ta yi sauƙin juyawa duk da nauyinta bai canza ba, domin nauyin ya matso kusa da hannu. Barry Bonds, wanda ya fi kowa bugun ƙetare katanga a tarihin MLB da 762, haka yake riƙe kulkinsa.

'Yan mata, wannan gwaji har da ku. Wadda ta iya ɗaga taɓarya ta sake ta, ta tafa, ta cafke ba tare da ta ɓata kiɗan daka ba, ta riga ta san sassaucin riƙo da kiyaye lokaci fiye da yadda take zato.

Bayan kaka gonaki za su zama fili, iska ta bushe, lokacin wasa ya samu. Ku kafa ƙungiya biyu a ajinku, ku zana tashoshi huɗu da toka, ku fara da na mutum biyar. Ku kai wa malamin Fiziks alƙaluman da kuka tara, ku roƙe shi ya yi muku darasin kuzari da juyi da su. Duk ajin da ya yi gwajin ya aiko mana da sakamakonsa ta hannun malaminsa, mu ga tsakanin durƙuso da tsayuwa taku nawa ne. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.